Yadda Ake Ajiye Asfaragus Ya Kwana Biyu

Asfaragus, wannan siririn tsiro mai kama da mashi da ake yawan nomawa a Sin da Peru da Meziko, ba ya jure ajiya. Ko an yanke shi yana ci gaba da numfashi, zaƙinsa na raguwa, gindinsa na yin tauri. Ga tsada kuma, asararsa akwai ciwo.

Da zarar kin kawo shi gida, kada ki wanke. Datse gindin kamar santimita 2, ki tsayar da shi cikin kwalba ko kofi mai ruwa kaɗan, iya wanda zai rufe wurin yankan. Ki kifa masa leda sako-sako, ki sa a firji. A haka yakan kai mako guda, in dai kina canza ruwan da ya fara gurɓata. Kan tsiron shi ne abin lallaɓawa: in ya jiƙe, nan ruɓa take farawa, sai yauƙi da wari.

In firjin ya cika, ki naɗe gindin da tsumma mai ɗanshi, ki kwantar da shi a firjin, amma wannan kwana 3 zuwa 4 ne kawai. Farin asfaragus irin na Jamus kuwa, naɗe shi ake yi gaba ɗaya. Kowane iri ne, ki nisanta shi da tuffa da cikakkiyar ayaba, iskar da suke fitarwa tana ƙara masa tauri.

Mai son ajiyar watanni ta tsoma shi a tafasasshen ruwa minti 2 zuwa 4, ta juye a ruwan ƙanƙara, ta tsane, sannan firiza. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ni dai shawarata ki sayi na girkin ranar kawai.