Yadda Ake Sake Jera Alamomin Shafi a Fayil ɗin PDF

Mu ɗauka kai ɗalibi ne daga Ambursa, kana ajin ƙarshe a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Ka haɗa babi biyar na aikin bincikenka a fayil ɗin PDF ɗaya, ka tura wa malaminka ta WhatsApp. Yana buɗe jerin babobin a waya, sai ga Babi na Huɗu a saman Babi na Biyu. Kada ka damu, ba sai an sake aikin daga farko ba.

Mece ce alamar shafi?

Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a 1993. Cikin abubuwan da tsarin ya ƙunsa akwai jerin sunaye a gefen fayil, wanda manhajoji ke kira Bookmarks ko Outline. Idan ka danna suna, zai kai ka shafinsa kai tsaye. A waya kuwa, inda allo ƙarami ne, wannan ya fi ka yi ta jan shafi 80 da yatsa.

Ka riƙe wannan: alama nuni kawai take yi. Matsar da ita ba ya matsar da shafi. Idan shafukan ne suka hargitse, su za ka fara gyarawa a sashen Organize Pages.

Matakan gyara

Aikin ya fi sauƙi a kwamfuta. Acrobat Reader na kyauta nuna alamomin kawai yake yi, gyara sai da Acrobat na kuɗi, kamar Acrobat Pro. Idan ba ka da shi, tambayi shagon buga takardu.

1. Ajiye kwafin fayil ɗin da wani suna, saboda gudun kuskure.
2. Buɗe shi, ka danna Bookmarks a gefen allo.
3. Danna alamar da kake son matsarwa, ka riƙe, ka ja ta sama ko ƙasa. Wani layi zai nuna maka inda za ta sauka, sai ka saki.
4. Idan ƙaramin kai ne, kamar 2.1, ja shi ƙarƙashin Babi na Biyu, ka ɗan karkata dama. Zai shige ciki ya zama reshensa.
5. Idan wata alama ta ɓace, je shafin, ka danna Ctrl da B, ka rubuta sunanta.
6. Idan alama tana kai ka shafin da ba nata ba, buɗe shafin da ya dace, ka yi dannan dama a kanta, ka zaɓi Set Destination.
7. Ajiye da Ctrl da S.

A kula: goge babbar alama yana tafiya da duk rassan da ke ƙarƙashinta, amma shafukan suna nan.

Rigakafi

Idan a Microsoft Word ka rubuta aikin, sa wa kawunan babi salon Heading 1, ƙananan kuma Heading 2. Wajen mayar da shi PDF, shiga Options ka zaɓi Create bookmarks using Headings. Alamomin za su fito a jere da kansu.

Kafin ka sake tura wa malam, tura wa kanka tukuna, ka buɗe a waya, ka danna kowace alama ɗaya bayan ɗaya ka ga inda ta kai ka.