Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Hana a Cire Wa Wii U Manet Mai Allo?

Tambaya: Ina da ɗan gidan wasan gem a Gazawa. Wani ya kawo mini na'urar Wii U ta hannu daga Maraɗi, tare da wani ƙaton manet mai allo a tsakiyarsa. Shin me ya sa kamfanin bai cire shi ba, na'urar ta yi araha?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana, domin masana harkar sun daɗe suna tafka muhawara a kanta.

Kamfanin Nintendo na Japan ne ya fitar da Wii U a watan Nuwamba 2012. Manet, wato abin da ɗan wasa ke riƙewa yana latsawa, nata ana ce masa GamePad, kuma yana da allo mai inci 6.2 da ake taɓawa da yatsa kamar na wayar salula. Mutane da yawa sun ɗauka shi kaɗai kwamfuta ce. A'a, na'urar ce ke yin aikin, ta aiko masa da hoto ta iska. Shi ya sa in ka yi nisa da ita sai hoton ya yanke.

Masu cewa a cire shi suna da hujja. Ya ƙara wa na'urar tsada, batirinsa ba ya wuce awa 3 zuwa 5, kuma kasuwa ba ta buɗe ba: Wii, wadda ta gabace ta, an sayar da fiye da miliyan 100, ita kuwa ta tsaya a wajen miliyan 13 da rabi. Ga kuma misalin Microsoft, wanda ya fitar da Xbox One a 2013 haɗe da Kinect, wata kyamara mai ganin motsin jikin ɗan wasa, a kan dalar Amurka 499, alhali PlayStation 4 ta Sony a lokacin tana kan 399. A Yunin 2014 kamfanin ya soma sayar da ita ba Kinect, kuɗinta ya sauko zuwa 399.

To, amma bambancin na nan. Kinect ƙari ne, yawancin wasanni ba ruwansu da shi. GamePad kuwa a kansa aka gina Wii U, kamar azarar da ke riƙe da rufin soro. Da shi ake saita na'urar tun farko, kuma wasanni irin su Nintendo Land da Super Mario Maker na 2015 an tsara su ne domin allonsa. Da an cire shi, da waɗannan wasanni sun tashi daga aiki, na'urar kuma ta rasa abin da ya bambanta ta da na Sony da Microsoft, waɗanda suka fi ta ƙarfi.

Sai Nintendo ya bi wata hanya. Ya daina ƙera Wii U a farkon 2017, a watan Maris ya fitar da Switch, inda allon da ke hannu shi ne na'urar gaba ɗaya: ka fita da ita, ko ka jona ta da talabijin. An sayar da fiye da miliyan 150. Ashe ra'ayin allo a hannu ba shi da laifi, ɗaure shi da akwatin da ke ɗaki ne ya hana shi tafiya.

Shawarata a gare ka: kada ka karɓi Wii U ba tare da manet ɗinta mai allo ba, kuma ka gwada batirinsa kafin ka biya. Ka sani GamePad ɗaya tal take ɗauka, sauran 'yan wasa sai da manet na daban. Idan kuma ƙwallon ƙafa yaran Gazawa suka fi so, kamar takwarorinsu na Agiye da Gidan Rumji, FIFA 13 kaɗai Wii U ta samu a jerin wasannin FIFA, wasan PES kuwa bai taɓa fitowa a kanta ba. Don sana'arka, PlayStation ta fi dacewa. Allah ya ba da kasuwa.