Kafin a Dasa Maka Haƙori: Dokokin Cikon Ƙashin Muƙamuƙi

Dashen haƙori ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam da ake kafawa cikin muƙamuƙi, sannan a ɗora mata kai. Tun 1965 da wani likita mai suna Brånemark ya fara yi wa mutum a Suwidin, sharaɗin bai canja ba: sai da ƙashin da zai riƙe ƙusar. Gurbin haƙorin da aka cire kuwa zaizayewa yake yi, faɗinsa kan ragu da kusan rabi cikin shekara guda. Shi ya sa ake ciko, kuma cikon yana da dokoki.

Kada ka yi shiru ranar cirewa. In kana da niyyar dashe, faɗa wa likita a cike ramin nan take. Wannan ne ciko mafi sauƙi da araha.

Tambayi daga ina ƙashin ya fito. Haƙƙinka ne, kada kunya ta hana ka. Iri huɗu ne. Akwai naka na kanka, da ake yankowa daga haɓa, ko bayan muƙamuƙi, ko ƙugu. Ya fi kamawa saboda rayayye ne, amma rauni biyu za ka yi jinya. Akwai na mamacin da ya ba da gudummawa, wanda aka tsarkake aka adana. Akwai na dabba, galibi saniya, irin su Bio-Oss, wani lokaci doki ko alade. Sai na haɗi, da ake yi da sinadaran kalsiyam. Kada tambayarka ta tsaya kan ƙashi kaɗai: siririn tantanin da ake lulluɓe cikon da shi sau da yawa daga alade ake samo shi, kuma ba kowane likita ne zai tuna ya gaya maka ba. In wannan ya dame ka, nemi madadi tun kafin a yanka, ba bayan an ɗinke ba.

Kada ka yarda a taɓa ka ba hoto. Hoton CBCT ne ke nuna kaurin ƙashi da inda jijiya ta bi.

Kada ka ɓoye cuta ko magani. Ciwon sugan da ya ƙi saituwa, maganin tsinka jini irin su warfarin, da magungunan ƙarfafa ƙashi da ake kira bisfosfonet, duk a faɗa. Na ƙarshen nan na iya sa ƙashin muƙamuƙi ya mutu.

Ajiye sigari da shisha. Babu ciniki. Hayaƙi yana tauye jinin da cikon ke buƙata ya kama.

In a muƙamuƙin sama aka yi aikin, kiyaye hancinka. Bisa turamen sama akwai kogon iska. Akan ɗaga shimfiɗarsa a zuba ƙashi ƙarƙashi. Makonni biyu kada ka fyace majina. In atishawa ta zo, buɗe baki. Kada ka zuƙi lemo da tsinke.

Kada ka tauna goro ko ƙashin nama ta wajen da aka yi aikin, kada aswaki ko harshe su riƙa tsokanar ɗinkin. Kunu mai ɗumi ya ishe ka kwanakin farko.

Kada ka matsa wa likita ya sa ƙusa da wuri. Ciko kan ɗauki wata uku zuwa tara, gwargwadon girmansa. Ɗan tsakin da za ka ji a baki kwanan farko ba abin tsoro ba ne. Amma in ka ga mugunya, zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ko leɓen da ya ƙi dawowa daga mutuwa, koma asibiti ranar, kada ka tsaya kemis.