Yadda sanyi ke niƙa rairayi a ƙasashen ƙanƙara

Manomi ya san ƙasa iri-iri ce. Akwai jigawa, akwai geza, akwai fadama. Babban abin da ya raba su shi ne girman ƙwayoyinsu. Ƙwayar rairayi ido yana ganinta. Ƙwayar laka ba ta ganuwa. Dukansu daga dutse suka fito. To, mi ke farfasa dutse har ya zama ƙasa? A darasin yau za mu duba yadda abin yake faruwa a arewacin duniya.

Wannan yanki sunansa Aktik. Ya haɗa arewacin Rasha, da arewacin Kanada, da Alaska, da tsibirin Girinlan. Sanyin can ya wuce misali. A Siberiya, cikin ƙasar Rasha, akwai birnin Yakutsk, inda sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri a watan Janairu. A can, ƙasar da ke zurfi daskararra ce shekara da shekaru. Ta bisa kaɗai ke narkewa lokacin zafi. Kaurinta kan kama daga kamu ɗaya ko biyu zuwa mita biyu. A nan ne aikin niƙa yake.

Mu fara da abin da muka sani. In aka cika kwalba da ruwa, aka toshe, aka sa a firiji har ya daskare, kwalbar tana fashewa. Dalili kuwa, ruwa yana kumbura in ya zama ƙanƙara. Lita 10 ta ruwa takan koma kusan lita 11.

Ga yadda abin yake cikin ƙasa:

1. Lokacin zafi, ƙanƙara ta narke, ƙasa ta jiƙe. Kowace ƙwayar rairayi tana da ƴan tsage-tsage da ido ba ya gani. Ruwa ya shige su.

2. Sanyi ya komo. Ruwan ya daskare, ya kumbura, ya buɗa tsagar.

3. Ƙanƙarar da ta fara kafuwa tana jawo ruwan da ke kusa da ita. Sai ta ƙara kauri, ta ƙara matsa ƙwayar.

4. Zafi ya sake zuwa. Ruwa ya shiga wurin da ya fi na da zurfi.

Haka ake ta yi, daskarewa da narkewa, har ƙwayar ta rabe. Dutse ya zama tsakuwa, tsakuwa ta zama rairayi, rairayi ya zama gari mai laushi kamar ƙurar hunturu. A busasshiyar ƙasa aikin ba ya sauri, don ruwa shi ne makamin sanyi.

Masana sun lura da wani abin mamaki. Akwai farin dutse mai ƙyalli da suke kira kwarz, wanda shi ne mafi yawa cikin rairayin jigawarmu. A ƙasashen zafi yana da wuyar lalacewa. Amma a ƙasar ƙanƙara yana saurin farfashewa, har ya riga waɗansu duwatsun da ba su kai shi tauri ba.

Wannan gari mai laushi yana riƙe ruwa ƙwarai. In ya daskare, ƙasa ta tashi. In ya narke, ta zama taɓo, ta lotsa, ko ta zame daga gangare. Shi ya sa a Yakutsk ake ɗora manyan gidaje bisa ginshiƙan siminti, don kada ɗumin gida ya narkar da ƙasa. Tun daga 1979, zafi yana ƙaruwa a Aktik kusan ninki huɗu bisa na sauran duniya. Narkewar tana ƙara zurfi, gidaje suna tsagewa, hanyoyi suna lanƙwashewa.

Abin riƙewa shi ne, yin ƙasa aiki ne na ɗaruruwan shekaru, a can da nan duka. Wadda iska ko ruwa ya kwashe daga gona ba ta komowa a zamanin mai gonar.

Tambayoyi

1. Mi ya sa kwalbar ruwa ke fashewa in ruwan ya daskare?
2. Wane sashe na ƙasar Aktik ke narkewa lokacin zafi?
3. Don mi ake ɗora gidajen Yakutsk bisa ginshiƙai?