Rairayi da tsakuwa: auna kafin ka biya

Ɗan uwa manomi, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne lokacin gini: rijiyar garka, daɓen mangazar ƙungiya, wurin shayar da bisashe. Buhun siminti, na Malbaza ne ko na waje, an rubuta nauyinsa a jikinsa: kilo 50. Rairayi da tsakuwa kuwa ba su da rubutu. In ba ka gwada su da kanka ba, ba wanda zai gwada maka, kuma ta nan ne kuɗin mutane da yawa ke zurarewa.

Mu fara da rairayi. Ba kowane ne ke kama siminti ba. Na tudu, wanda iska ke tarawa, ya yi laushi da yawa. Yana shan ruwa, yana cin siminti, in ya bushe sai ya tsage. Nemi na cikin gulbi ko ƙorama, wanda ruwan damina ya wanke, kamar na Gulbin Maraɗi, na Gulbin Kaba ko na Magiya. Ɗebi cikin hannu ka murza. Mai kyau yana da kaushi, yana ƙara, ba ya ɓata tafin hannu. In hannunka ya yi ja ko baƙi, akwai laka a ciki.

Ga gwajin da ya fi wanga tabbas. Samu kwalba mai haske. Zuba rairayi har tsawon santimetir 10. Ƙara ruwa da ɗan gishiri, ka girgiza ƙwarai, ka ajiye ta ta kwana. Da safe za ka ga rairayi ya kwanta ƙasa, laka ta hau bisansa. Auna kaurin lakar. Rabin santimetir ba laifi. In ta kai santimetir 1, ƙi rairayin, ko a wanke shi tukuna. Laka tana lulluɓe ƙwayar rairayi, ta hana siminti manne mata. Zoben rijiya da aka zuba da irin wanga rairayi yana iya marmashewa, alhali akwai mutum a ƙasa yana haƙa.

Tsakuwa kuma, wadda ake so ga kankare ita ce daga girman ƙwayar wake zuwa girman goro ƙarami, watau milimetir 5 zuwa 25, manya da ƙanana a gauraye. A wurare da yawa ta marmara muke da ita. Ɗora ƴan ƙwayoyi bisa dutse, ka buga da guduma. Wadda ta zama gari da bugu ɗaya, bar ta ga cikon hanya. Mai tauri a tankaɗe ta da rariya, a fidda ƙasa da saiwoyi.

Ƙasar tubali ba ta da wuyar sani, maginin garinku ya fi ni saninta. Abu guda kawai: a kware ta bisa, mai taki da ciyawa, a mayar da ita gona. Ta ƙarƙashi ake gini da ita.

To, yanzu lissafi, kuma nan nake so ka natsu. Ana sayar da kayan ga da sawu: sawun kamiyo, sawun amalanke. Amma sawu ba mudu ba ne. Mudun gaskiya shi ne metir kib: akwati mai tsawo metir 1, faɗi metir 1, zurfi metir 1. Yana cin litir 1000, watau tano 5 masu litir 200, ko burweti wajen 17.

In kamiyo ya iso, kada a juye tukuna. Hau da felu, ka baje tsinin lodin ya yi daidai. Tsini yana ruɗin ido. Sa'an nan auna tsawo, faɗi da zurfin kayan. Misali: tsawo metir 4, faɗi metir 2, zurfi rabin metir. 4 sau 2, 8 ke nan. Rabin 8, 4. Metir kib 4 aka kawo maka. In an yi ciniki bisa 6, ka san abin da za ka gaya wa direba, kuma ku yi maganar tun kayan suna cikin mota. Da zarar sun sauka ƙasa, gardama ta fi ƙarfinka. Ka kuma sani, rairayi mai danshi yana kumbura, har ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. Idan ya bushe, sai tarin ya koma ƙasa.

Nawa za ka saya? Metir kib 1 na kankare mai ƙarfi yana son buhu 7 na siminti, litir 400 na rairayi da litir 800 na tsakuwa. A wurin aiki, buhu 1 ke nan, burweti 1 na rairayi, burweti 2 na tsakuwa. Ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da ke ɓata a ƙasa.

In gulbi na kusa, amalanke ya fi araha, amma a ji tausayin dabba. Metir kib 1 na rairayi ya kai tan 1 da rabi. Jaki ba ya jan fiye da sulusin wannan, balle cikin hanyar rairayi. A yi jigila da sanyin safiya, a gama kafin ruwan farko ya yanke hanya.

Share wuri mai tauri kusa da aikin, nesa da itace da turken dabbobi, don ganye da kashi suna ɓata kankare. Rairayi daban, tsakuwa daban. Kafin a fara ɗiba, a shaida wa maigari da mai gonar, a tambayi ma'aikatar magajin gari ko akwai haraji. Kada a haƙa gindin gada ko gaɓar gulbi: ruwan bana zai bi ramin ya ci gonar wani. Ramin ƙasar tubali kuma a yi shi nesa da gidaje, saboda sauro da yara ƙanana.

Ga aikin da za ku yi tare a wurin karatu. Ƙungiyarku za ta daɓe mangaza mai tsawo metir 5, faɗi metir 4, kaurin daɓe santimetir 10. Metir kib nawa ne na kankare? Buhu nawa za ku saya, burweti nawa na rairayi, nawa na tsakuwa? Ku rubuta amsa cikin littafinku, ku nuna wa malamin gona ranar kasuwa.