Ga koyarwa ga bincike, ina zan samu tallafi?

Tambaya: Na fara koyarwa a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, ɗalibanmu duk 'yan digirin farko ne. Ina son ci gaba da binciken cututtuka, amma ba kuɗi, ba babban malamin da zai riƙe hannuna.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki fara da neman R01, tallafin da manyan jami'o'i ke kokawa a kai. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, tana da wani tallafi mai suna R15, ko AREA, tun 1985, domin makarantu irin taku. Yana kaiwa shekara 3, kuma sai an ga ɗalibai a cikin aikin da hannunsu.

Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sukan rubuta aikin da sai ƙwararru goma za su iya, alhali ɗalibinki hutun bazara ne kaɗai lokacinsa na zama sosai a ɗakin gwaji. Zaɓi abin da yaro zai koya cikin makonni, mai araha: yisti, ƙudan 'ya'yan itace, ko tsutsar da ake kira C. elegans. Ɓeraye kuwa, abincinsu da kejinsu kaɗai sun isa su cinye kasafin.

Batun jagora, duba shafin intanet na NIH RePORTER, ki ga waɗanda suka taɓa samun R15 a fanninki, ki rubuta wa biyu. Aika wa jami'in shirin R15 a NIH shafin manufofin bincikenki kafin ki miƙa takarda. Sannan ki nemi shugaban sashenku ya rage miki darussa, a rubuce, tunda alkawarin baki ba ya shiga fayil.