Amsar Tambaya: Bindigar Toka Ta Gado

Ya kai mai tambaya daga Unguwar Tudu: tun da yake bindigar tokar kakanka amana ce, kuma albarushi yakan yi shekara da shekaru a ciki bai mutu ba, wajibi ne ka ɗauke ta tamkar ɗurarriya, kada ka kusanta ta da wuta ko ka leƙa bakinta, har sai gwanin maƙeri ya auna zurfinta da sandar ɗuri. Tsatsa kuwa, a bi ta sannu da mai da tsumma, domin kankara takan shafe alamar maƙerin farko. Harba ta ban yarda ba, ƙarfen ya tsufa. Sa'an nan ka nemi lasisin 'yan sanda, bisa dokar makamai ta 1959.